Amsa ga ɗan uwan da aka ce za a sa wa sitent

Assalamu alaikum ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce likita ya gaya maka jijiya ɗaya ta zuciyarka ta tsuke za a sa maka sitent, wato 'yar ragar ƙarfe da ake sawa cikin jijiyar don ta riƙe ta a buɗe, kana tsoron ko tsaga ƙirji za a yi, kuma ko magani kaɗai zai wadatar. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru, don halin da nake ciki ke nan shekara 3 da suka wuce.

Ni da hawan bene nawa ya fara, ina hawa sai in ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji, ya bi har haɓa da hannun hagu, in na tsaya kaɗan ya lafa. Sau huɗu ina zuwa wani asibiti wajen likita ɗaya, ko ɗago kai ba ya yi sai ya ce olsa ce. A zuwa na uku na ce likita ciwon nan fa sai na yi tafiya yake tasowa, ba ruwansa da yunwa, buɗar bakinsa sai ya ce kai ne likitan ko ni. Ko isiji, gwajin bugun zuciya, bai taɓa cewa a yi min ba. Wata 7 ina shan maganin olsa, har daren da abin ya kama ni ina kwance ba na komai, gumi ya jiƙa rigata sharkaf, matata na shafa min baya tana kuka, ƙaramin ɗana tsaye bakin ƙofa riƙe da takalmana ya rasa abin yi. Har yau in na tuna fuskar yaron nan sai in ji na kasa yafe wa likitan nan, Allah dai ya sa in iya.

Wajen sa sitent ba a tsaga ƙirji, wancan baifas ne, aiki daban da ake yi wa jini wata hanya ya kewaye inda jijiyar ta toshe. Idona biyu aka yi komai. Allurar kashe wuri suka yi min a wuyan hannu, wasu ta gindin cinya ake bi, suka zura siririyar roba har zuciya suka tura ruwan rini, sai ka ji ɗumi ya ratsa ka, suna kallon jijiyar a allo. Daga nan a hura ɗan balan-balan a inda ta tsuke, a bar 'yar ragar ƙarfen nan ta tokare wurin. Lokacin hurawar ciwon kan dawo na ɗan lokaci, kar ka firgita, ka faɗa musu kawai. Bai kai awa 2 ba, washegari ina gida. Tun 1977 aka fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurich na ƙasar Switzerland, ba a kanka za a koya ba.

Batun magani kaɗai, akwai waɗanda ciwonsu sai sun motsa yake zuwa kuma magani yana riƙe su, wannan likitan zuciya ne zai duba hotonka ya yanke. Amma in ya fara kama ka kana zaune, don Allah kar ka jira gari ya waye.

Abin da nake roƙonka da shi, ƙwayoyin hana jini daskarewa, ni asfirin da Plavix aka haɗa min shekara guda, asfirin kuma har yanzu. Kar ka daina don ka ji sauƙi, gudan jini na iya toshe sitent ɗin nan take. Ko haƙori za a cire maka sai likitan zuciya ya sani, kuma ka guji diklofenak da ibufurofen. In kana da sukari ko matsalar ƙoda ka faɗa kafin a shiga da kai saboda rinin. Taba kuma ni dai ranar na jefar da kwalin, sitent wuri ɗaya ya gyara, sauran jijiyoyin suna nan, shi ya sa maganin rage kitsen jini ma ba a wasa da shi.

Satin farko kar ka ɗaga kaya mai nauyi da hannun. Ka tambayi likitan kashi nawa jijiyar ta tsuke, kuma ka dawo ka sanar da mu ranar da aka sa maka. Allah ya ba ka lafiya ɗan uwa.