Ɗana ya mai da ChatGPT malamin gida kuma abokin hira, mu ƙwace wayar ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Tawa, ɗana shekara 15 gare shi, bana zai yi BEPC. Tun da babanshi ya saya mashi waya komi sai ya ce bari in tambayi ChatGPT, aikin gida na lakkwal duk can yake yin shi, makin aikin gida ya yi kyau amma a kompozisiyo ya faɗi. Abin da ya fi tada min hankali da dare yana kwance yana ta rubutu da shi har ƙarfe ɗaya, da na yi magana sai ya ce wai shi ne ke gane shi kuma ba ya yi mashi faɗa. Babanshi ya ce a ƙwace wayar kawai a huta. Mi kuka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su ya shirya su. Ina koyar da kwamfuta a wata lise nan Yamai kuma wallahi wannan tambayar ko wane sati sai wani uba ya tare ni da ita a bakin ƙofa, don haka ba gidanki kaɗai ba ne.

Ni ban goyi bayan ƙwace wayar ba. Kin ƙwace yau, gobe ya ara ta aboki a fada ko a lakkwal, sai dai yanzu kin daina ganin abin da yake yi. Abin ya riga ya shigo, tun 30 ga Nuwamba 2022 da kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT, ga Gemini na Google ga sauransu. A Amurka cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2023 kashi 13 cikin 100 na matasa ne ke aikin makaranta da shi, a 2024 suka kai kashi 26, ninki cikin shekara guda. Namu ma forfe kaɗai ke tsai da su.

Ki fara sanin mi ne ne abin. Yara suna ce mashi IA, wato basirar na'ura, suna ɗaukar shi kamar wani shehin malami da ya haddace duniya. An cika shi ne da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, ya koyi wace kalma ta fi dacewa ta biyo bayan wace, sai yana jera su ɗaya bayan ɗaya har magana ta fito sumul. Shi ya sa in bai sani ba sau da yawa ba ya yin shiru, sai ya ƙago amsa ya faɗe ta da ƙarfin hali kamar gaskiya. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 don sun kai mata shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, babu su sam. Lauyoyi fa, bare yaron aji huɗu na kwalej. Kuma yawancin abin da ya karanta da Ingilishi ne da manyan harsuna, Hausa da Zabarmanci kaɗan ne ƙwarai, to a kan abin da ya shafi ƙasarmu nan ne ya fi tuntuɓe.

Abin da nake yi da ɗalibaina ke nan kuma ke ma za ki iya ko ba ki iya latsa waya ba: ku zauna tare, ki sa yaron ya tambayi ChatGPT abin da ku kuka fi shi sani. Unguwannin Tawa, sarautun Adar, kokowar gargajiya, ranakun kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da ku. Ranar samun ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960, zai faɗa daidai, Diori Hamani ma zai sani, amma ku ɗan nutsa ciki ku gani. Ran da yaro ya kama shi da ƙarya da idonshi, ran nan zai fara tantance abin da yake karɓa, kuma wannan ya fi wa'azin wata guda.

Zancen maki kuwa kin riga kin ga amsar da kanki. Aikin gida ana ba da shi ne don kai ya yi zufa, in na'ura ta yi zufar to ranar BEPC daga shi sai bik da takarda. Ƙa'idata ga ɗalibai: ka fara yi da kanka a kaye ko da ba daidai ba, sannan ka nuna mashi ka ce ina na kuskure, ko ka ce ya sake maka bayanin darasin da sauƙin Faransanci, ko ya yi maka tambayoyi ka amsa. A haka yana da amfani sosai, musamman a ajin da yara suka yi yawa malami ba ya iya bin kowa. Ke kuma bayan ya gama ki ce ya rufe wayar ya bayyana miki da Hausa abin da ya rubuta. In ya kasa, ba shi ya yi ba.

Amma Hajiya hirar daren nan ta fi damuna a kan makin. Ki lura da abin da ya ce, ba ya yi mashi faɗa. Gaskiya ya faɗa, waɗannan abubuwa sukan yi ta lallashi suna bin ra'ayin mai magana, ba sa gajiya ba sa fushi, kuma yaro ɗan 15 da kunya ke hana shi buɗe cikinshi gaban uba dole ya ji daɗin haka. Wani binciken ƙungiyar Common Sense Media a 2025 ya nuna kashi 72 cikin 100 na matasan Amurka sun taɓa hira da irin waɗannan abokan na'ura. A shekarar ne wasu iyaye a Kalifoniya suka kai OpenAI kotu bayan ɗansu mai shekara 16 ya kashe kanshi, suna cewa ya daɗe yana faɗa wa ChatGPT damuwarshi, daga baya kamfanin ya fito da hanyar da iyaye za su haɗa asusunsu da na yaro su sa lokutan da ba ya aiki. Su kansu kamfanin ƙa'idarsu ƙasa da shekara 13 ba a yarda ba, ƙasa da 18 sai da izinin iyaye, kin ga kina da ta cewa.

Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba, mai yiwuwa zancen ƙwallo da ƴan mata kawai yake yi. Amma wayar ta kwana ɗakinku daga ƙarfe goma, ku gaya mashi dalili ba da tsawa ba. Ki ja mashi kunne kar ya sa hotonshi ko sirrin gida ciki, abin da ya rubuta yana tafiya ne ga kwamfutocin kamfanin. Sannan ki nemo wanda yake sakewa da shi, kawu ne, yaya ne, kaka ce, ya riƙa jan shi hira ba tare da an mai da ita shari'a ba, kuma ki roƙi babanshi ya ɗan sassauta murya. In kin ga ya daina cin abinci, ya guji abokai, barci ya ƙaurace ko yana zancen ya gaji da rayuwa, kar ku jira sakamakon jarabawa, ku kai shi likita a satin nan.