Tambaya da Amsa: Tarihin Gasar Hokin Ƙanƙara

Tambaya: Malam, na ga ana wasan hoki a kan ƙanƙara a talabijin ɗin wani mai shayi a nan Garwa. Don Allah yaushe ƙasashe suka fara gasa a kansa? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, ka yi tambaya mai kyau. An kafa hukumar wasan ta duniya a birnin Faris a 1908, aka kuma buga gasar Turai ta farko a Suwizalan a 1910, inda Birtaniya ta yi nasara. Wasan ya shiga Olamfik a 1920 a Antwerp ta Beljiyam, Kanada ta ɗauki zinare.

Gasar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta duniya ta 1930, wadda aka fara a Chamonix ta Faransa a filin da ba rufi. Ana tsakiyar gasa yanayi ya yi ɗumi, ƙanƙarar ta narke ta zama ruwa, dole aka kwashe 'yan wasa da sandunansu aka kai su Balin ta Jamus da Biyana ta Ostiriya domin a kammala. Mu da muka san zafin Garwa a watan Afrilu ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Kanada ce ta fi kowa riƙe kambu shekaru da dama, har Tarayyar Sobiyet ta shigo a 1954 a Stockholm ta Suwidin, ta lallasa ta da ci 7 da 2. A 1980 kuma matasan Amurka suka doke Sobiyet da ci 4 da 3 a gasar Olamfik da aka yi a Lake Placid ta Amurka. Mata sun fara gasar duniya tasu a Ottawa ta Kanada a 1990.