Shawarar Lauya: Tallan Maganin Haihuwa Ya Tona Min Asiri, Wa Zan Kai Ƙara?

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rimi a nan Kaduna ta aiko da tambaya, ta roƙi a sakaya sunanta. Ta daɗe da aure ba ta samu haihuwa ba, sai ta shiga intanet tana binciken wuraren da ake duba irin wannan lalura, har ta cike fom a shafin wata cibiya ta rubuta sunanta da lambar wayarta da bayanin damuwarta. Tun daga nan tallan maganin haihuwa ya yi mata rubdugu a Facebook da Instagram, baƙin lambobi suka dinga kiranta suna tallata magani, har wata rana ƙanwar mijinta ta ari wayar ta ga abin da take ɓoyewa. Tana so ta san ko doka ta ba ta wani haƙƙi, kuma a kan wa.

Malama, Allah Ya ba ki zuriya ɗayyiba, Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Kina da haƙƙi, sai dai ƙarfin hujjarki ba ɗaya ba ne a kan duk waɗanda abin ya shafa, don haka ya kamata ki fahimci yadda bayanin ya fita kafin ki ɗauki mataki.

Idan kika buɗe shafin intanet, yakan ajiye wani ɗan ƙaramin fayil a burauzar wayarki, wanda ake kira kukis, domin ya gane ki idan kin dawo. Wasu daga ciki dole ne, domin su ne ke riƙe abin da kika cike a fom ko kika zuba a kwandon sayayya. Wasu kuwa na kamfanonin talla ne irin su Google da Meta mai Facebook da Instagram, waɗanda mai shafin ya dasa da hannunsa, kuma aikinsu kamar na yaron da ke biye da ke rumfa-rumfa a Kasuwar Gumi yana rubuta duk abin da kika taya, sannan ya kai wa dillalai labari. Da wannan rubutun, haɗe da lambar talla da wayoyin zamani ke ɗauke da ita, ake jefa mutum cikin rukunin masu neman abu kaza, masu talla kuma su biya kuɗi a nuna wa wannan rukuni hajarsu. Kiran wayar kuwa daban ne, domin kukis ba ya sa baƙo ya samu lambarki ya buga miki. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne lambar ta fita ne daga fom ɗin da kika cike, ko dai an sayar da ita, ko wani ma'aikaci ya kwashe ta.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa NDPC, hukumar da ke kula da kare bayanan jama'a, kuma dokar tana hawa kan kamfanin da ke wajen ƙasar muddin yana sarrafa bayanan mutumin da ke cikin Najeriya. Dokar ta sanya bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, tare da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa, kuma sashe na 30 ya taƙaita dalilan da za a iya taɓa su da su. Sashe na 26 ya ce shirun mutum ba amincewa ba ne, ya kuma ɗora wa wanda ya karɓi bayanan nauyin tabbatar da cewa an yarje masa. Wannan tanadi yana da muhimmanci gare ki ƙwarai, domin ba ke za ki kawo hujjar cewa ba ki yarda ba, cibiyar ce za ta nuna inda kika yarda a miƙa lambarki ga masu sayar da magani. A 2025 hukumar ta fitar da umarnin aiwatar da dokar, inda ta wajabta neman izinin mai ziyara kafin a dasa masa kukis ɗin da ba na dole ba.

A ganina, cibiyar da ta karɓi fom ɗinki ita ce inda hujjarki ta fi ƙarfi, kuma abin takaici ne a ce wurin da mace ta kai kukanta cikin amana shi ne zai mayar da lalurarta hajar kasuwa. Manyan kamfanonin ma ba su fi ƙarfin doka ba, domin a watan Yulin 2024 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda take mu'amala da bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafin gasar kasuwanci kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Amma wannan shari'a ce tsakanin hukuma da kamfani. Mutum ɗaya da zai ja da su a kan talla kawai zai sha wahalar nuna irin cutarwar da aka yi masa, musamman idan ya taɓa danna maɓallin amincewa ba tare da ya karanta ba. Abin da ƙanwar mijinki ta gani kuwa, da wuya kotu ta ɗora alhakinsa kacokan a kan wani kamfani, tunda da izininki ta riƙe wayar.

Kafin ki goge komai, ki tattara hujja. Ki ɗauki hoton fuskar wayar da ke nuna tallan da saƙonnin da ranakunsu, ki rubuta lambobin da suka kira ki, ki kuma ɗauki hoton shafin fom ɗin da sanarwar sirrin da ke jikinsa, idan ma akwai ta. Idan wani ya sake kira, ki tambaye shi cikin natsuwa inda ya samu lambarki, ki rubuta amsarsa nan take. Daga nan ki aika wa cibiyar takarda ko imel, kina neman ta faɗa miki bayanan da take riƙe da su a kanki da waɗanda ta ba wa, ta goge su kamar yadda sashe na 34 na Dokar Kare Bayanai ya ba ki dama, sannan ki sanar da ita kin janye amincewarki a ƙarƙashin sashe na 35, kin kuma hana amfani da bayananki wajen talla a ƙarƙashin sashe na 36. Ki ajiye kwafin takardar da shaidar cewa ta isa. Bayan kin kammala wannan ne za ki share kukis, ki goge lambar talla a saitin wayarki, ki kuma tura STOP zuwa 2442 domin rage saƙonnin tallan da ke zuwa ta kamfanin layinki.

Idan cibiyar ta yi kunnen uwar shegu, ki shigar da ƙorafi gaban NDPC a ƙarƙashin sashe na 46. Hukumar tana da ikon yin bincike, ta umarci a biya ki diyya, ta kuma ci tara wadda ga ƙananan masu riƙe bayanai za ta iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manya kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Sashe na 51 ya kuma ba ki damar neman diyya a kotu, kuma lauyanki na iya haɗawa da ƙarar tauye haƙƙin sirri a babbar kotu a nan Kaduna.

Sai dai ki yi nazari sosai kafin ki zaɓi kotu, domin shari'a a bainar jama'a ake yin ta, kuma takardar rantsuwar da za ki gabatar dole ta ambaci lalurar da kike son ɓoyewa. Alƙali yana da ikon fitar da 'yan kallo domin kare sirrin masu shari'a, amma sai an roƙa, kuma shi ke da ta cewa. Saboda haka shawarata ita ce ki fara da takardar gargaɗi ta hannun lauya da ƙorafi ga hukuma, ki bar kotu sai idan waɗannan biyun sun gaza, kuma idan aka kai ga sulhu ki tabbata an rubuta sharaɗin goge bayananki da na rufe maganar a cikin yarjejeniyar kafin ki sa hannu.