Kun Tambaya, Mun Amsa: Asibitin Gwamnati ko na Kuɗi, da Masu Manyan Kamfanoni

Tambaya, daga wani ma'aikacin gwamnati a Kano: A majalisarmu kullum gardama ake yi. Wasu na cewa gara a miƙa asibitocin gwamnati ga 'yan kasuwa tunda na kuɗi sun fi kula da mutum. Ni kuma inshorata tana wani asibitin kuɗi, amma duk na je sai a ce babu magani, in saya a waje. Ina gaskiyar take?

Amsa: Malam, damuwarka ta samo asali ne daga yadda ake biyan asibitin. A tsarin inshorar ma'aikata, wanda ya fara aiki a 2005 a matsayin NHIS kafin dokar 2022 ta mai da shi NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ana ba asibitin da ka zaɓa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum, ko ya zo ko bai zo ba. Daga ciki za a duba ka, a yi ƙananan gwaje-gwaje, a ba ka magani. Wannan kuɗi ya daɗe a kan naira 750 kafin a ƙara shi, alhali magani ya ninka farashi sau da dama. To duk ƙwayar da aka ba ka daga ribar mai asibiti take fita, shi ya sa "babu" ta fi masa sauƙi. In kuma kamfanin HMO, wato kamfanin da ke tsakani yana biyan asibiti kuɗin inshorarka, ya yi jinkirin biya, abin ya ƙara taɓarɓarewa.

Ka san haƙƙinka. Inshorar ta ɗauki ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai ya kamata ka biya. In an tura ka waje, ka nemi takardar maganin, ka ajiye rasit, ka kira HMO ɗinka tun kana asibitin. In ba su yi komai ba, ka kai ƙara a rubuce ofishin NHIA na jiha. Kana kuma da damar canza asibiti. Aikin tiyata ko ganin ƙwararren likita sai HMO ta ba da lambar izini, kuma a nan ake yawan ɓata wa majinyaci lokaci, don haka ka bi sawun lambar da kanka.

Batun sayarwa kuwa, ba mu goyon baya. Asibitin kuɗi ya fi sauri da tsafta a mafi yawan lokuta, amma idan ciwo ya yi tsanani, sau da yawa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika ake tura mutum, kuma a irin waɗannan ne ake horar da ƙwararrun da na kuɗin ke ɗauka. Ainihin ciwon shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fita, ga alƙawarin Abuja na 2001 na ware wa lafiya kashi 15 na kasafi wanda gwamnatin tarayya ba ta cika ba.

Tambaya, daga wata malamar makaranta a Zariya: Na ji ana cewa manyan kamfanoni duk na wasu ɓoyayyun mutane ne. Ta yaya zan san mai kamfani?

Amsa: Malama, ana iya bincikawa. Manajan darakta ma'aikaci ne, masu hannun jari su ne masu kamfani, su ke zaɓen daraktoci a babban taron shekara. Duk kamfanin da ke kasuwar hannayen jari ta Legas yana fitar da rahoton shekara, kuma a ciki akwai sunan duk mai kashi 5 ko fiye. Ki duba na Dangote Cement, za ki ga Dangote Industries ke riƙe da sama da kashi 80. Wanda ba ya kasuwar, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta masa bayyana wa hukumar rajistar kamfanoni ta CAC masu iko da shi, kuma tun 2023 rajistar tana buɗe a intanet. Haka za ki duba asibitin kuɗi ko HMO in da rajistar kamfani suke aiki.

Inda ake ruɗewa shi ne idan kamfani ne ke mallakar kamfani. Mafi yawan hannayen jarin MTN Nijeriya suna hannun wani reshe mai rajista a ƙasar Moroshiyos, shi kuma na MTN ta Afirka ta Kudu ne, wadda babbar mai jari a cikinta ita ce hukumar PIC mai juya kuɗin fanshon ma'aikatan ƙasar. Wani lokaci kuma sunan wakili za ki gani, wato bankin da ke riƙe wa wasu jari. Idan kin ci karo da irin wannan, sai ki nemi rahoton uwar kamfanin a ƙasar da take, ki ci gaba da bin sunayen har ki kai ga mutum ko asusun fansho.