Amsa ga 'yar uwa mai tambayar hanyar duniyoyi ta St Kilda

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kuna so ku kai yara hanyar nan da aka jera siffofin Rana da duniyoyinta a bakin teku a St Kilda, nan Melbourne ta Ostareliya, kina tambaya ko ɗan shekara biyar da 'yar shekara takwas za su iya takawa har ƙarshe. Mu sau biyu muka je, don haka bari in faɗa miki gaskiya tun da wuri: ki cire ƙarshen nan daga ranki. Daga Rana zuwa Fuluto kilomita 5.9 ne, kuma duk daɗin abin yana cikin kilomita ɗaya na farko.

Ga yadda aka tsara shi. An ƙanƙance komai sau biliyan ɗaya, wato duk milimita ɗaya da kika gani a ƙasa kilomita dubu ce a sararin samaniya. Ranar tana kusa da matsayar ƙananan jiragen ruwa ta St Kilda, faɗinta mita 1.39, kusan tsayin babbar 'yarki ke nan. Daga nan sai ki kama bakin ruwa ki nufi Port Melbourne. Mita 58 Makyuri, 108 Binus, 150 Duniyarmu, 228 Mas. Kafin ƙaramin ya fara cewa a ɗauke shi kun wuce huɗu.

A zuwanmu na farko mun wuce Makyuri ba mu sani ba, don ba ta fi ƙwayar dawa ba, sai da maigidan ya dawo da mu baya. A wurin Duniya kuwa na fi daɗewa. Wata 'yar ƙwallo ce kamar gurjiya, faɗinta bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Babban ɗana ya ɗora yatsa ya rufe ta ruf, ya ɗago ya ce, "Umma, har da Kano a ciki?" Na ce har da Kano, da Makka, da jirgin da ya kwana yana tafiya da mu kafin mu iso nan. Ya juya ya kalli Ranar can baya, ya yi shiru. Ni kaina da na yi karatun nan a makaranta, zanen littafi ya cuce ni, don a can jere suke kamar an shanya tumatir a faifai. A Binus kuma ki gaya musu ita ce Zara matar wata da muke gani da magariba a gida. Nawa sun fi riƙe wannan sunan.

Wasan da ya fi kama su shi ne tseren haske. A wannan ma'auni haske santimita 30 kawai yake ci a daƙiƙa, shi ya sa yake ɗaukar minti takwas da 'yan kai daga Rana zuwa Duniya. Ki sa agogon waya, su gwada yin mita 150 ɗin nan a minti takwas, ƙafa bayan ƙafa. Ba za su jure ba, za su ruga, sai ki ce musu sun fi haske gudu.

Bayan Mas ne labari yake canzawa. Jufita tana mita 778, girmanta kamar ƙaramar kankana, kuma nan ne za a fara "Umma, saura nawa?" Zuhal mai zobe tana wajen kilomita 1.4. Daga nan sai tafiya zalla: Yuranus 2.9, Naftun 4.5. Babba zai gane cewa wofin nan shi ne darasin, yaro kuwa ƙafarsa kawai ya sani. Mu da muka yi taurin kai a karon farko, tsakanin Zuhal da Yuranus autata ta zauna a ƙasa ta ce ba inda za ta, sai goyo da zani, mutane na wucewa suna kallonmu. A karo na biyu muka tafi da 'yan kekunansu da ake turawa da ƙafa, shi ne muka kai Fuluto a bakin ruwan Sandridge. Kuma me muka tarar? Ƙwayar gero, milimita biyu da ɗoriya. Tun 2006 ma masana suka cire ta daga jerin manyan duniyoyi, amma an bar ta a hanyar. 'Yata ta ce ita dai an yaudare ta.

Kada ku baro farkon hanyar ba ku nemi Proxima Centauri ba, tauraron da ya fi kusa da rana tamu. Nan kusa da Ranar aka ajiye shi, ba don kuskure ba. Nisansa a wannan ma'auni ya kai kusan kilomita dubu 40, wato sai kin zagaye duniya ta gaske gaba ɗaya kin dawo St Kilda kafin ki iske shi. Maigidan ya fi kowa jin daɗin wannan, har yanzu duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labari.

Ba a biyan ko sisi. Tiram, wato jirgin ƙasa na kan titi, mai lamba 96 zai sauke ku a titin Acland, sai ku ɗan taka zuwa Ranar, idan kuma kun kai can ƙarshe 109 zai dawo da ku cikin gari daga Port Melbourne. Ku fita da safe. Inuwa ba ta da yawa, ranar ƙasar nan kuma tana ƙona fata ko da iska na kaɗawa, don haka hula da man kariya da ruwa dole ne, da rigar sanyi ko da kin ga gari ya yi kyau, kin dai san halin Melbourne. Ki riƙe hannun ƙaramin sosai saboda masu keke, gudu suke yi ba wasa. Sallaya na cikin jakata, a kan ciyawa muka yi azahar ba wanda ya ce mana uffan. Dafa-duka na tafi da ita a kula, amma ki rufe da kin zuba, tsuntsayen tekun nan ba su da kunya, ɗaya ya fizge cinyar kaza daga hannun ɗana yana kallo.

Da shekarun naki, ku tsaya a Zuhal, ku ci abinci, su yi wasan yashi, ku juyo. Idan kun sa rana ki yi min magana, mai yiwuwa mu haɗu, nawa ma sun dame ni a koma. A gaida maigida da yara.