Allon mita ya yi duhu: ƙwan fitila irin na da ko LED?

Tambaya: Malam, gefen hagu na allon mitar motata ya daina haske da dare, ko allurar mai ba na gani. Zan iya ciro allon da kaina? Kuma in sayi ƙwai irin na da ne ko LED?

Amsa: Tunda gefe ɗaya ne ya yi duhu, galibi ƙwai ne ya ƙone. Da a ce allon ne gaba ɗaya ya mutu lokaci guda, da sai in ce maka kar ka taɓa sukundireba tukuna, ka fara duba fiyus da ɗan abin nan na rage haske. A motoci da dama fiyus ɗaya ne ke riƙe da hasken allo da ƙananan fitilun baya.

Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. Kashe mota, cire kan batir mai alamar ragi, ka ɗan dakata mintuna saboda jakar iska ta sitiyari. Sauke sitiyarin ƙasa iyakarsa, ka ɓamɓare robar da ta kewaye allon da abin roba, don ƙarfe yana barin tabo. Kwance kusoshin, jawo allon a hankali, ka zura hannu ka cire soket ɗin baya. In tsohuwar mota ce mai igiyar mitar gudu, sai ka saki igiyar kafin ya fito. Kar ka murɗa makulli alhali allon na waje, kuma kar yatsanka ya taɓa allurai.

A bayansa za ka ga mazaunan ƙwai, kowanne ɗan murɗawa kaɗan yake so ya fita. Yawanci lambar girmansu T5 ce ko T10, masu bolt 12. Ɗauki tsohon ka je da shi wurin saye, kar ka dogara da ƙiyasi. Ka kuma canza ƙwan da ke haska allon duka, domin tare suka tsufa; ba daɗi ka rufe yau ka sake buɗewa wata mai zuwa.

Sai batun LED. Ya fi daɗewa, ba ya zafi sosai, amma yana da gaba da baya: in bai kama ba, juya shi. Wasu ba sa bin abin rage haske, sai su riƙa kashe maka ido da dare, wasu kuma haskensu a wuri guda yake taruwa, allon ya yi dabbare-dabbare. Abin da na fi ja maka kunne a kai shi ne fitilar alamar batir. A tsofaffin motoci da yawa ta cikin wannan ƙwan ne wutar da ke tada altaneta, wato injin da ke cajin batir, take bi. Ka sa LED, wutar ta yi kaɗan, altaneta ya ƙi fara caji sai ka taka totur. Wannan ka bar masa ƙwai irin na asali.

Mayar da soket da kan batir, ka gwada hasken kafin ka ɗaure kusoshi.

Tambaya: Na buɗe tawa ban ga ƙwai ko ɗaya ba.

Amsa: Taka daga cikin motocin baya-bayan nan ce, ƙananan LED ne aka liƙe da dalma a jikin allon. Rufe, ka kai wa mai gyaran lantarki ya canza wanda ya mutu. Kar ka yi saurin sayen wani allon: a motoci da yawa lissafin kilomita a ciki yake, a wasu har da tsaron makulli, motar ma ba za ta tashi ba sai an saita shi da kwamfuta.