Amsa ga mai tambaya kan 504 mai ƙofa biyu: kada ka bari a yanka ta

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin irin ramin da ka tsaya a bakinsa na san zurfinsa. Ka ce ka samu Peugeot 504 Coupé, tsatsa ta ci ƙofofi da bonet, kana tambaya ko ka sayi tsohuwar 504 salun mai ƙofa huɗu haɗin Kaduna ka cire kayanta ka ɗora. Don Allah ka dakata.

A bodi dai Coupé da salun sunan 504 kawai suka haɗa. Salun ta fito a 1968, Coupé da mai buɗaɗɗen rufi suka biyo a 1969, kuma kamfanin Pininfarina ne ya ƙera bodinsu a Italiya kafin a kai Faransa a sa inji. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.55 ne a Coupé, a salun kuwa 2.74. Wannan santimita 19 ita ce ta raba komai. Ƙofar Coupé doguwa ce, rufinta a ƙasa yake, gilashin gabanta ya fi kwanciya. Ƙofa, bonet, murfin but, gilashi, babu ɗaya da zai zauna. Farfela ma gajera ce.

Ni wani mai gyaran bodi ne ya cuce ni. Na kai masa tawa, ya zagaya ta, ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, Fijo ai Fijo ce, tun ina yaro nake yinta." Na bar masa kuɗi na yi tafiya. Ranar da na dawo na tarar ya sa wuta ya yanke gefen gaba na dama, ya kawo na salun ya yi ta dukansa da guduma yana neman ya zauna, da ya ƙi sai ya cike giɓin da walda da fila. Asalin ƙarfen kuma fa? Wai ya sayar wa 'yan gwangwan. Ƙarfen da ake iya facinsa a gyara! Wallahi na tsaya a wurin ban iya magana ba, yaransa suna kallona. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi motar ce ta yi hatsari a da shi ya sa ta karkace. Motar da ban taɓa ganin alamar bugu a jikinta ba. Har yau in na tsaya a gabanta ina ganin ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma na bar shi da Allah.

To ka ga, duk wanda za ka ba aikin, ka zauna a kansa. Tsatsa a yanke iya inda ta ci, a yi faci da sabon ƙarfe. Ka ɗaga kafet ka duba ƙasa, ka duba ƙarƙashin ƙofofi da gindin gilashi, nan ruwa yake kwana.

Kuma ko a tsakanin Coupé ɗin kansu ba duka ɗaya ba ne. Na farko, har zuwa 1974, fitilun gabansu huɗu ne a rarrabe. Daga nan aka sauya fitilun gaba da na baya, na ƙarshe kuma kafin a daina yi a 1983 bambarsu ta roba ce. Ba ka faɗi shekarar taka ba, ka sa mana hoto gaba da baya, da na farantin lambar bodi. Kada ka aika kuɗi Faransa don sayen kaya sai ka tabbatar da wacce kake da ita.

Inda za ka ji daɗi shi ne inji, in mai silinda huɗu ce. Injin 1971cc dangi ɗaya ne da na motocin da aka haɗa a masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna tun 1975, saboda haka abubuwa da dama na cikinsa za ka samu a Panteka ko Ƙofar Ruwa, amma ka riƙa tafiya da tsohon a hannu kana gwadawa. Bambancin shi ne na Coupé ba kafreta yake da ita ba, famfon Kugelfischer ne yake fesa mai. Makanikai za su ce maka a cire a jefar. In dole ta sa ka koma kafreta, ka nannaɗe famfon da bututunsa ka ɓoye a ɗaki. In kuwa V6 ce, wato mai silinda shida, mai 2664cc, wadda ta fara a 1974, to babu abin da ya haɗa injinta da na nan. Irinta ce fa ta ci gasar Safari a Kenya a 1978, shi ya sa nake jin ciwo in na ga ana yi mata riƙon tasi.

Ƙafar baya ma ka kula. A Coupé kowace taya tana motsi da kanta, birkinta na faifai ne, alhali wagon da akori-kura aksul ɗaya ne a miƙe. Wani zai zo ya ce a ɗora maka na akori-kura don ya fi ƙarfi, kada ka yarda.

Gilasai kuwa, tun kafin a fara walda ka sa a cire su gabanka, ka kai gida da kanka. Ina jiran hotunan.